Wanda ya ratsa gari da gudu bai san gari ba

  A wannan mako filinmu zai taɓa wata magana da na san wasunku za su ce ta yara ce, wato wasan bidiyo. Ina roƙon ku ku yi mini haƙuri har ƙarshe, domin abin da ke cin kuɗin magidanci, yana kuma cin lokacin ɗansa, ya fi ƙarfin a bar wa yara su kaɗai.

Ga abin da ya jawo maganar. Akwai ɗan ƙanwata da ke zaune wurina a unguwar Zango, nan Damagaram. Da ya ci jarrabawar bak, na cika masa alkawarin da na ɗauka tun yana aji na farko a lise: na ba wani Alhaji abokina mai zuwa Kano saƙo, ya sayo mini na'urar PlayStation 4 ta hannu, tare da faifai guda na wani wasa da ake ce wa Skyrim. Na yi zaton na huta har ƙarshen hutu. Kwana tara rak, ina zaune bayan sallar isha'i, sai ga yaro ya durƙusa ya ce: "Kawu, na gama shi. Akwai wani sabo da ya fito, in da hali." Na tambayi kuɗin sabon, ya faɗa mini, na ce ya maimaita.

Ku da kuka san lissafi, ku taya ni. Sabon wasa irin waɗannan manya, ranar da ya fito, ana sayar da shi euro 70 zuwa 80 a Faransa. Euro guda sefa 656 ne, in an cike ƴan ɗigon. Ke nan jika 46 zuwa jika 52, kafin a sa kuɗin kawowa da ribar mai kanti. Mafi ƙanƙantar albashin da doka ta yanke a Nijar tun watan Janairun 2024 jika 42 ne. Ashe faifai guda ya fi ƙarfin albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. In yaro ya cinye shi cikin awa 35, kowace awa ta tashi a kan sefa 1,300 da ɗoriya. In kuwa ya shekara yana komawa gare shi har ya kai awa 200, awa ta dawo sefa 230. Kaya ɗaya, kuɗi ɗaya, amma wani ya ci moriya wani ya yi asara, kuma bambancin yana hannun mai wasan.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na ce gobe da la'asar ya kunna mini in gani da idona, tun da gani ya kori ji. Abin da na gani shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara bayyana wa wanda bai taɓa gani ba irin wasan da muke magana a kai. Ya sha bamban da wasan ƙwallo ko na tseren motoci da matasa ke biyan dala ashirin su buga a rumfunan unguwa. A wannan, ana ba mutum ƙasa sukutum: birane da ƙauyuka, duwatsu da koguna, kasuwanni, maƙera, sarakuna da talakawa. Ana ba shi mutum guda ya shiga rigarsa, shi zai zaɓa masa suna da kama da sana'a. Akwai babban aike wanda labarin ya rataya a kansa, akwai kuma ɗaruruwan ƙananan aike-aike da mutanen gari ke roƙon a yi musu. Ba a tilasta wa kowa ya bi su da jeri. In ka ga dutse can nesa, kana iya tafiya har ka hau shi. Wannan Skyrim da na saya, kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar da shi ranar 11 ga Nuwamba 2011, kuma a 2023 shugaban masu ƙera shi, Todd Howard, ya ce an sayar da fiye da miliyan 60. Wasan da ya haura shekara goma ana sayensa ba na kwana tara ba ne.

To, me na ga yaron yana yi? A saman allon tele akwai wata ƴar kibiya da ke nuna inda aike yake. Idonsa na kanta, ba ya ɗagawa. Ya shiga birni da gudu, mutane na yi masa magana yana danna maɓalli don su yi shiru, ya karɓi aike bai ji dalilinsa ba, ya buɗe taswira ya danna wani wuri, kafin ƙiftawa da bismilla ya tsinci kansa can, ya kashe abin da aka ce ya kashe, ya dawo. Na ce masa: "Wannan mai maƙerar da ka wuce, yaya sunansa?" Ya ce bai sani ba. Na ce: "Sarkin da ka yi wa yaƙi fa, me ya haɗa shi da abokin gabarsa?" Ya sosa ƙeya. Sai na tuna direbobin manyan motoci da ke ratsa Damagaram da dare daga Maraɗi zuwa Difa. In ka tambayi ɗayansu ko ya san Damagaram, zai ce ƙwarai, sau ɗari ya bi ta. Amma bai taɓa shiga lungunan Birni ba, bai ga zanen da ke jikin sorayenta ba, bai tsaya gaban fadar Sarki ranar hawan salla ba, bai zaga kasuwar Dole ranar Alhamis ba. Kwalta ya sani.

Abin mamaki shi ne mu mutanen Damagaram bai kamata a koya mana wannan irin wasa ba, domin namu ya riga nasu. Turawa suna lissafa asalin wasan shiga rigar wani daga 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a bisa tebur da takarda da baki, kafin ya koma cikin kwamfuta. Mu kuwa muna da wasan kara tun zamanin kakanni. Bayan an cire amfanin gona, samari su tara kara su yi dawaki da bindigogi da takubba, su naɗa sarkinsu da fadawansa, kowa ya riƙe matsayinsa. Da zamani ya juya, aka shiga kwaikwayon kwamandan da gwamna da ministoci har da shugaban ƙasa, masu muƙamin na gaskiya suna zaune suna kallo suna dariya. Inoussa Ousseini ya ɗauki wannan al'ada a fim a 1980. Duk wanda ya taɓa ganin wasan kara ya san inda daɗinsa yake. Dokin kara ne, kowa ya sani. Amma wanda aka naɗa alƙali yana tafiya irin ta alƙali, yana magana irin tasa, ba ya gudu a bainar jama'a ko da yunwa ta kama shi. Ranar da ya manta matsayinsa, wasa ya mutu, kara ya koma kara.

Daga nan shawarata ta farko ta fito, kuma ita ce uwar sauran. Kafin ka danna maɓallin farawa, ka yanke wa kanka ko wane ne kai a cikin wannan ƙasa, ka kuma kafa wa mutumin dokoki biyu ko uku da ba zai karya ba. Misali: ni maƙeri ne, ba na ɗaukar makamin da ban ƙera da hannuna ba. Ko: ni maharbi ne, daga baka sai kibiya, ba na kwana cikin birni. Ko: ni falke ne, ba na sata, ba na fara faɗa, abin da na samu ta hanyar saye da sayarwa ne. Skyrim yana da ƙabilu 10 da fannonin gwaninta 18. Mai gaggawa yakan ɗebi kaɗan daga kowane, ya zama mutumin da ya iya komi, wanda babu abin da ke ba shi tsoro, babu kuma abin da ke ba shi sha'awa. Wanda ya hana kansa wani abu, shi ne kowace matsala ke zame masa sabuwa. Ƙofa a kulle, kai kuma ka ce ba ka fasa kwado: sai ka nemi mai mabuɗi, ka san shi, ka yi masa hidima. A wasan Fallout: New Vegas na 2010, mutum na iya kai wa ƙarshen labari ba tare da ya kashe kowa da hannunsa ba, in ya iya magana da dabara. A Kingdom Come: Deliverance na 2018, wanda aka gina a kan ƙasar Bohimiya ta shekarar 1403, ɗan maƙeri ne kake zama, ko karatu ba ka iya ba sai ka je wurin magatakarda ya koya maka. Masu ƙera waɗannan wasanni sun tanadi hanyoyi da yawa. Mai bin kibiya guda ɗaya yake gani.

Dattawan da ke buga dara a gindin bedi sun fi kowa sanin wannan sirri. Gurbi 30 ne, kowa da ƴaƴa 12, tun suna samari har furfura, ba a ƙara gurbi ko ɗaya ba, ba su kuma gaji ba. Doka ce ke riƙe da su. Da za a ce kowa ya aza ɗansa inda ya ga dama, ya ci yadda ya so, da ba a kai magariba ana wasan ba.

Shawara ta biyu: kashe kibiyar, ka taka da ƙafa. Kusan duk waɗannan wasanni suna ba da damar a rage alamomin da ke kan allo, ko a cire su. A Skyrim ana iya sauke alamar aike daga littafin aike-aike. A The Legend of Zelda: Breath of the Wild, wanda Nintendo ta fitar a 2017, akwai tsarin da ke share ƙaramar taswira daga allo. Tsohon wasan Morrowind na 2002 ba shi da kibiya sam. Kwatance ake yi maka da baki, a ce ka bi hanya kudu, in ka wuce gada ka karkata gabas, kamar yadda ake yi wa baƙo kwatancen Mirya. Elden Ring na 2022 ya dawo da wannan hali, bai damu ya jera maka aike-aike ba, kuma ya ci lambar wasan shekara. Dalili a fili yake. Ido ba ya kallon wuri biyu. In yana kan kibiya, ba ya kan dutse da kogi da hayaƙin da ke tashi bayan tudu.

Haka kuma tafiyar nan ta tsallake, wadda ake danna taswira a ɓace a bayyana. Tana da amfani ga mai sauri, amma ita ce ke cinye rabin abin da ka biya. Abubuwan da ba a shirya ba a kan hanya suke: matafiyi da ƴan fashi suka tare, kogo da babu shi a taswira, ayarin fatake. A Skyrim akwai wasu fatake masu kamar kyanwa da ba su sauka cikin birni, sai su kafa tantunansu a bakin ganuwa su baje kaya. Da na gan su na yi dariya, na ce wa yaron: "Ka ga unguwarku." Ai haka Zango ta samo sunanta. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma rasu a 1884, nan ayarin Abzinawa da na ƴan kasuwar Arewa ke sauke kaya a wajen gari: gishirin Bilma, dabino, da hajar da ta fito daga Tarabulus ta biyo ta Gat da Agadas. Madugu da jagaba ba su da kibiya a sama. Rijiya da dutse da tauraro suka sani, shi ya sa kowace tafiya ta bar musu labarin bayarwa. Ka yi wa kanka doka: ba na tsallake sai zuwa wurin da na taɓa takawa sau biyu, ko kuwa sai na biya kuɗin amalanke a bakin birni kamar kowa.

Shawara ta uku tana da fuska biyu. Fuska ta farko: kada ka yi wa babban aike gaggawa, sauri ya haifi nawa. Masu ƙera wasa sukan sa a ce maka duniya za ta tashi gobe in ba ka yi maza ba, alhali dodon zai jira ka ko shekara ka yi. Zauna a gari guda, ka saurari mutane har su gama magana, ka karanta takardun da ka tsinta. A The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ya fitar a 2015, da yawa daga labaran da masu wasa suka fi tunawa suna cikin aike-aiken gefe, waɗanda mai gudu ba zai ko san da su ba. Baturen nan Heinrich Barth, da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Damagaram a ƙarshen Disamba 1852, bai tashi ba sai ƙarshen Janairu 1853, yana jiran kayansa. Zaman jira irin wannan, da tambaya da saurare, shi ya cika littattafansa da abin da har yau masana tarihi ke komawa gare shi.

Fuska ta biyu: kada kuma ka mai da wasa aikin ƙidaya. Akwai masu ganin sai sun share kowace alama a taswira, sun buɗe kowane akwati, kamar mai binciken kaya a sito. Nan ne gajiya ke shigowa, mutum ya wayi gari yana yin abin da ba ya jin daɗinsa don kawai lamba ta cika. Masu ƙera Zelda sun yi wa irin waɗannan mutane ba'a mai kyau. Sun ɓoye wasu ƴan iri guda 900 a faɗin ƙasar. Rabinsu ma ya isa ga duk amfanin da ake yi da su. Wanda ya wahala ya tara 900 cif, kyautar da ake ba shi wani ɗan tuli ne na zinariya mai siffar kashi, wanda ba ya tsinana masa komi. Abin da ka bari yau shi ne jarin tafiyarka ta biyu. Manomi ba ya cinye iri.

Shawara ta huɗu ita ce ta komawa. In ka kai ƙarshe, ajiye faifan wata biyu ko uku har hanyoyin su fara shige maka duhu, sa'an nan ka dawo da wani mutum dabam, ka yi akasin abin da ka yi da fari. A Skyrim akwai yaƙin basasa tsakanin daular da ke mulki da masu tawaye. Wanda ya bi ɓangare guda rabin labarin ya ji, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa da abin kunyarsa. The Witcher 3 yana da manyan ƙarshe uku, kuma abin da ke kai mutum ga kowane ƙananan maganganu ne da ya yi da yarinyar da ya rena, waɗanda a lokacin bai ɗauke su bakin komi ba. Elden Ring yana da ƙarshe shida. Ka ƙara tsananin wasan mataki guda. Ka kunna tsarin da ke sa mutumin jin yunwa da sanyi da gajiya, wanda aka saka wa sabon bugun Skyrim kyauta a 2021. Daga ranar, tukunyar miya da wurin kwana sun zama abin lissafi, tafiyar da kake yi cikin minti biyar ta zama sai da guzuri. Mai kwamfuta kuma yana da ƙarin gata: tun 2012 kamfanin ya saki kayan aikin da masu wasa ke ƙera nasu ƙare-ƙare da su, sabbin garuruwa da labarai dubbai, akasarinsu kyauta. Ƴan fada masu dafa shayi sun san ganye guda sau uku ake ɗora shi a wuta, kuma ba wanda ke zubar da shi bayan kofin farko.

Shawara ta biyar ta iyaye ce da masu biya. In za a saya, a sayi wanda ya kwana biyu. Wasan da ya shekara uku ko huɗu kuɗinsa yakan faɗi ƙwarai, an gyara kurakuransa, sau da yawa kuma an haɗa shi da ƙarin labaransa a faifai guda. A duba lambar shekaru da ke jikin kwali: kwalayen Turai suna ɗauke da 3, 7, 12, 16 ko 18. Skyrim da The Witcher 3 na ƴan 18 ne, akwai jini, na biyun har da tsiraici. Zelda ɗin da na ambata na ƴan 12 ne. Wanda ya miƙa wa ɗan firamare faifai mai lamba 18 kada ya zargi kowa. A kuma nemi wanda zai taɓa abin da yaro ya sani. Mount & Blade II: Bannerlord, da wani kamfanin Turkiyya ya kammala a 2022, yana barin mutum ya sayi kaya inda suke da araha ya kai inda suke da tsada, ya tashi ayari, ya buɗe masana'anta; ɗan ɗan kasuwa zai ga sana'ar ubansa a ciki. Assassin's Creed Mirage na 2023 ya gina Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, ana kuma iya sa mutanen ciki su yi Larabci. Crusader Kings III na 2020, ko da yake shi na sarauta ne a bisa taswira, yana barin mutum ya fara a matsayin Daurama ta Daura, maƙwabciyarmu ta kudu.

Sai gargaɗi a kan na kyauta. Yawancin yaranmu ba su da PlayStation, salula gare su, kuma a salula akwai irin waɗannan wasanni da ake saukewa ba a biya ko dala ba. Mafi shahara shi ne Genshin Impact, na wani kamfanin ƙasar Sin, wanda ya fito a Satumba 2020. Ƙasarsa tana da faɗi da kyau, ana kuma iya zaga ta ba a kashe komi ba sai kuɗin intanet. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa: cikin wata shida na farko ya tara fiye da dalar Amurka biliyan guda a wayoyin hannu kaɗai. Ta yaya? Ana sayar da ƙuri'a, ka biya ba ka san abin da zai fito ba, wataƙila jarumin da kake so, wataƙila tarkace. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatunan ƙuri'a na cikin wasanni a matsayin caca tun 2018. Wasan da aka saya sau guda yana so ka ji daɗi. Wanda ke rayuwa da ƙuri'a yana so ka dawo kullum, ko kana jin daɗi ko ba ka ji. Kada a haɗa asusun kuɗin waya da wasan yaro.

Na san akwai mai karatu da ke cewa a ransa: wannan malami yana koya wa yaranmu yadda za su ƙara ɓata lokaci. Tambayar tana bisa hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta a 2019, kundin ya fara aiki a Janairu 2022. Alamomin da ta bayar uku ne: mutum ya kasa tsai da kansa, ya fifita wasa bisa sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba ko da ya ga ɓarnar da yake yi masa, har abin ya kai kimanin shekara. Amsata ita ce, awa 200 da na lissafa a sama na shekara ne cur, wato ƙasa da awa huɗu a mako. Yaron nan da ya gama cikin kwana tara, awa huɗu yake yi kowace rana, yana haɗiya ba tauna. Wanda ya iya kafa wa mutumin cikin wasa doka ya kiyaye ta, ya kama hanyar iya kafa wa kansa: ba a kunnawa sai an gama aikin gida, in an kira salla a ajiye, ƙarfe goma a kashe. Wasan kara ma lokaci gare shi, bayan girbi. Ba wanda ya taɓa barin noma ya hau dokin kara. Sannan ga halin garinmu: wuta na iya ɗaukewa ba sallama, don haka a riƙa adana inda aka kai a kai a kai, kuma a gurbi fiye da ɗaya; a watannin Afrilu da Mayu kada a kunna na'ura da tsakar rana a ɗaki mai zafi; lokacin hunturu a rufe ta da ƙyalle in an kashe, domin ƙura ita ce ajalinta.

Ga yadda muka ƙare da ɗan ƙanwata. Na ce masa sabon faifai sai hutu mai zuwa, in sakamakon jami'a ya yi kyau. Kafin nan ya sake wannan daga farko, bisa sharaɗi uku da shi da kansa zai zaɓa. Ya yi fushi kwana biyu, sa'an nan ya zaɓi ya zama maƙeri, ba sata, ba tsallake. Yanzu wata na uku ke nan, yana yi daren Juma'a da na Asabar, bai ko kai rabin babban aiken ba. Ran nan na same shi ya tsai da mutuminsa a bakin wani kogi, ba ya yin komi, yana jiran gari ya waye a cikin wasan domin ya ce hanyar da zai bi ba ta biyuwa da dare. Ya gaya mini sunan mai maƙerar nan da na tambaye shi, da na matarsa da na ƴarsa. Abin da ya fi yi mini daɗi, ranar wata Alhamis ya roƙe ni in raka shi wurin maƙeran kasuwa, wai yana so ya ga ko zugazugin gaskiya haka yake aiki. Mun je, ya tsuguna ya fi awa guda yana tambaya, har maƙerin ya ce da ni: "Alhaji, wannan yaron naka almajiri kake nema masa?" Jika 46 ɗina kuwa suna nan a aljihu, an sayi buhun hatsi da wani abu a kai.

Wanda ke da irin wannan labari a gidansa, ko yake ganin na yi kuskure, ƙofar wannan fili a buɗe take, ya rubuto mana.